Aiken da Kika Yi Mini Wurin Alhaji Lawal

Kaduna, ranar Alhamis.

Ummi, assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a garin da ba ki da kawu ba ki da gwaggo, Ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronSa da direbobi masu birki. Mamanki za ta cusa takardar cikin ƙullin dambun naman da za a ba direban Legas a tashar Mando, don haka ki fara ciro ta kafin abokan zamanki su kai hannu.

Labarin gida ba zan ba ki ba. Mamanki tana ba ki shi a waya kullum, har da wanda bai gama faruwa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma gara in fara da shi kafin in ɓuya a bayan nasiha, kamar yadda mu iyaye maza muka ƙware.

Kin tuna kafin tafiyarki kin aike ni wurin Alhaji Lawal, shugabana a ofis, abokina tun makarantar kwana. Kin ci jarrabawar ɗaukar ma'aikata, an ware miki gurbi a sashensa, ke kuma kika zaɓi kamfanin masu rubuta manhaja. Kika ce, "Baba, ba zai yi kyau in dubi Baba Lawal in ce masa ba na so ba. Kai ka gaya masa, ka yi mini godiya." Na karɓi aiken, na kuma je. Sai dai tsakanin ƙofata da tasa, 'yar barandar nan da kika sani, saƙonki ya canza kama. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yarinyar tana shawara." Har yanzu gurbin yana ajiye da sunanki, ba ki sani ba. Jiya ya ce yau bayan azahar yake son magana ta ƙarshe, domin akwai wanda ke biye da ke a jarrabawar, yana jira. Yanzu hantsi ne. Ina zaune a ofis, ina rubuta miki da biron gwamnati, ban kuwa san abin da zan ce masa ba.

Wani ɓangare na matsalar shi ne har yau ban gane aikinki ba. Kin yi mini bayani, na gyaɗa kai, kin ɗauka na fahimta. A ƙofar masallacinmu na Unguwar Dosa aka tsare ni da tambaya bayan la'asar. Malam Ɗanjuma mai kanti ya ce, "Ita ke rubuta abin na kwamfuta?" Na ce a'a, wasu ke rubutawa. Ya ce, "To ita ke sayarwa?" Na ce a'a. Ya ce, "Gyara take yi in ya lalace?" Na gyara tsayuwa na ce, tana zuwa wurin masu buƙata ta ji abin da suke so, ta nazarce shi, ta kai wa masu rubutawa. Sai ya ce, "Au, 'yar aike. To Allah Ya sa albarka. Amma Malam Isa, har da digiri?" Na ji haushi ƙwarai, na dawo gida ina neman amsar da zan ba shi gobe. Na karanta tarihin wazirai da jakadun sarakuna fiye da yadda ya kamata ma'aikaci mai iyali ya yi, amma ban samo abin da zai karya maganar mai kanti ba.

Duk da haka ina da abin da iyayen abokan aikinki ba su da shi: an taɓa yi mini irin aikin naki, a jikina. Bara waccan aka ce ofishinmu zai daina yawo da fayil, za a gina mana manhajar neman hutu da canjin wurin aiki. Aka ba wani ƙaramin kamfani na nan Kaduna, aka ce ni zan riƙa yi musu magana da sunan ofis. Suka laƙaba mini suna wai mai kaya, wato wanda zai ce a gina wannan a bar wancan. Mai irin aikinki a cikinsu wata yarinya ce, Rukayya, ba za ta girme ki da yawa ba. Abin da zan ba ki labari abin da na yi mata ne. Ki saurara da kyau, domin ni ne irin mutumin da za ki riƙa samu a kowane ofis, sai dai hula ta bambanta.

Ranar farko na ɗauka za ta zo da takarda in sa hannu, su tafi su dawo da abu kammalalle, kamar yadda ake da masu kwangilar fenti. Sai ta zauna ta fara tambaya. "Ranka ya daɗe, na ga takardar neman hutu sai ta bi ta teburin mai kula da sito kafin ta zo gare ka. Me ya sa?" Na ce haka doka ta ce. Ta ce wacce? Na miƙa mata kundin dokokin aiki, mai kauri kamar bulo, da nufin in sallame ta. Ummi, yarinyar nan ta je ta karanta shi. Ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba, har waɗanda suka rubuta shi. Ta dawo ta ce ba ta ga wurin ba. Na ɗaure fuska na ce yaran yanzu ba su san bambancin tambaya da tuhuma ba. Sai a hanyar gida, wajen shataletale, na tuna: tun ina ƙaramin ma'aikaci wani ya tafi hutu garinsu da makullin sito a aljihu, aka yi ta fama. Daga ranar aka ce kowa sai ya bi ta can. Mutumin ya rasu, an canza ƙofar, siton ma ya koma ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Ban koma na gaya mata ba. Aka gina manhajar da teburin mai sito a ciki, yana nan har gobe.

Nasihata a nan ita ce, kada ki ce wa mai furfura "me ya sa". A kunnenmu kalmar tana da ƙamshin kotu. Ki ce masa, "Baba, wa aka fara yi wa haka?" Mu ba mu riƙe dalili, labari muke riƙewa, kuma ba ma iya ƙin bayar da shi. Dalilin yana cikin labarin, sai ki tsince shi ki bar mana sauran.

Sai na kai musu ziyara a wani gida da suka mayar ofis a Unguwar Sarki. Na shiga da safe na tarar da su duka a tsaye, sun kewaye wani bango da suka manna wa ƙananan takardu masu launi. Raina ya yi fari. Na ce ashe har yanzu akwai yaran da ke miƙewa in babba ya shigo. Na ce, "Ku zauna, ku zauna, ai an zama ɗaya." Ba wanda ya zauna. Na ƙara jin daɗi. Na jawo kujera na zauna ni kaɗai, na ba su tarihin aikin gwamnati tun daga zamanin da ake buga takarda da tafireta. Na ga wani dogo yana sauya ƙafa, na ɗauka shauƙi ne. Da Rukayya ta rako ni mota ta ce, cikin ladabi, ai kullum da safe haka suke taro a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tare masa hanya, kuma suna tsayuwar ne musamman don kada wani ya yi dogon bayani.

Na daɗe ina neman nasihar da zan ciro miki daga wannan, ban samu mai kyau ba. Wataƙila ita ce, in baƙo ya shigo ki gaya masa dokar ɗakin tun a bakin ƙofa. Wataƙila kuma babu nasiha, abin kunya ne kawai, na ga bai kamata in mutu da shi ni kaɗai ba.

Abu na gaba ya fi wannan nauyi. Su ba sa gina abu gaba ɗaya. Mako bibbiyu suke ɗaukar ɗan yanki su gina, su kawo a gani, sannan su ɗauki wani. Saboda haka Rukayya ta tattaro duk buƙatun da ta ji a ofis, ta baje mini su a tebur, ta ce in jera mata, wanne za a fara, wanne zai jira. Na duba na ce duka na farko ne. Ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe, ko a layin mai wani ne a gaba." Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Abin da ba ta gani ba shi ne, ni ba buƙatu nake gani a teburin ba, mutane nake gani. Wannan ta babban sakatare ce, wai yana son ya buɗe ya ga zane mai launi na yawan waɗanda ke hutu. Waccan ta Alhaji Lawal ce. Ta can ƙarshe ta masu karɓar takardu ce, wai suna son ma'aikacin da ke ƙauye ya iya nema daga wayarsa ba sai ya hau mota ya zo Kaduna ba. Yaya zan sa buƙatar akawu a gaban ta babban sakatare? Wannan ai kamar ka shiga ɗaurin aure ka zaunar da liman a bakin takalma ne. Washegari na miƙa mata jeri mai kyau, na bi matakin albashi daga sama har ƙasa. Aka fara da zane mai launi. Babban sakatare ya duba shi sau ɗaya, ya ce shuɗin ya yi yawa. Mutanen ƙauye suka ci gaba da hawa mota har damina ta wuce.

In kika ga mutum ya kasa jera miki buƙatu, kada ki ɗauka bai san aikinsa ba. Ki tambaya a gefe, wa ya kawo wannan, wa ya kawo waccan. Sannan ki nemo masa hanyar da zai sa ta ƙasa a gaba ba tare da ya zama shi ya yi ba. Ki ce masu rubutawa sun ce dole sai an gina waccan kafin wannan ta tsaya. In gaskiya ne, madalla. In ba gaskiya ba ne, to ban ce ki yi ƙarya ba. Ban san abin da na ce ba. Ki tambayi malaminki.

Yanzu ga babban. Duk ƙarshen mako biyun nan sukan zo ɗakin taronmu su nuna abin da suka gina, rabi da rabi, wani maɓallin ma in an danna ba ya komai. Wannan kansa ya ɗaure mini kai. Mu an koya mana ba ka kai wa na gaba da kai aiki sai ya kammala, ka goge shi, ka sa masa bango. Su kuwa suna kawo abu ɗanye, suna murna, wai a faɗi aibinsa tun da wuri. To wa zai faɗa? Baƙi ne, sun zo ofishinmu, mun ba su ruwa da lemo, ga ƙananan ma'aikata a zaune suna kallo. Mutum ya yi maka wahala ya kawo, ka buɗe baki a gaban jama'a ka ce bai yi ba? Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba.

Ranar da suka nuna yadda ake amsa neman hutu, na ga abin da ya tayar mini da hankali. In jami'i ya ƙi amincewa, nan take saƙo zai tafi wayar mai nema: an ƙi, ga sunan wanda ya ƙi, ga lokacin da ya ƙi. Ummi, a ofishinmu ba a taɓa ƙin kowa ba. Tun da na fara aiki ban ga an rubuta wa mutum "an ƙi" ba. Fayil dai yakan kwanta. Mai nema ya zo a ce ana dubawa, ya sake zuwa a ce Oga ya fita, a zuwa na gaba shi da kansa ya gane, ya bar maganar. In abin ya matsa, a sami wani dattijo ya ja shi gefe ya ce ya yi haƙuri sai bayan sallah. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka ƙulla gaba da shi, gobe a haɗu a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Wannan ita ce babbar buƙatar ofishinmu, hanyar hana mutum abu ba tare da fuskar kowa ta fito ba. Ba ta cikin kundi, ba wanda ya gaya wa Rukayya, domin ba wanda ya san yana yi.

Ta juyo ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya yi daidai da yadda kuke so?" Na kalli fanka. Na ce aiki ya yi kyau, Allah Ya yi albarka. Ta ce, "Ba abin da za a canza?" Na ce ai ku ne masana. Ta rubuta cewa mai kaya ya amince.

Aka fara amfani da shi. Cikin 'yan kwanaki wani direbanmu ya sami saƙo cewa Malam Isa ya ƙi ba shi hutun zuwa bikin ƙanwarsa, da sunana ɓaro-ɓaro. Mutumin da muke gaisawa har da tambayar iyali ya koma yi mini gaisuwar soja. Wasu jami'an suka daina danna komai, ba su amince ba, ba su ƙi ba, suka koya wa kwamfuta kwanciyar fayil.

Me na yi? Abin da ya dace, a ganina na lokacin. Ban kira yarinya na tsawata mata ba. Mun haɗu da Alhaji Lawal a wani zaman ta'aziyya a Malali, muna kan tabarma, na ce masa a hankali, abin nan na yaran yana ɗan haɗa mutane, da za a duba. Shi kuma ya haɗu da mai kamfanin a wani ɗaurin aure, ya ce masa ofis ba ya jin daɗin aikin. Mai kamfanin ya koma ya ce wa shugaban ayarinsu gwamnati na shirin ƙwace aikin. Kafin maganar ta isa kan Rukayya ta zama cewa ba ta iya sauraron mutane ba. Aka cire ta daga aikinmu, aka kawo wani saurayi mai fara'a wanda duk abin da na ce sai ya ce haka ne. Na ji daɗinsa ƙwarai. Har yau manhajar ba ta gama ginuwa ba.

Bayan wasu watanni na gamu da ita a wani kantin magani a Unguwar Sarki. Na so in ɓuya a bayan kwalaben maganin tari, amma ta riga ta gan ni. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta tambayi iyali. Na ce na ji an yi mata canji, ban ji daɗi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai har yau ban san laifin da na yi ba. Duk takarduna cewa suke ka amince." Na gaya mata maganar sunan da ke fita a saƙo. Ta buɗe baki ta dube ni. Ta ce, "Shi ke nan? Wannan ai kafin la'asar an cire. Sai a sa 'ofis bai samu dama ba a wannan karo'. Me ya hana ka faɗa?" Ta sake yi mini "me ya sa" ɗin nan nata, a gaban mai magani. Na ce ai na nuna. Ta ce ta yaya? Na ce na kalli fanka. Ta yi dariya har ta dafa kanta, ta ce, "Wallahi na ɗauka zafi kake ji. Har na ce a ƙaro maka ruwa."

Ga inda kaina yake kullewa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Rabin zuciyata ya san ni na cuce ta. Ɗaya rabin har yanzu yana cewa, yarinyar da aka haifa a Kaduna, ta ga dattijo ya yabi abu yana kallon sama, ai ya kamata ta biyo shi ofis ita kaɗai ta sake tambaya. Ban san wanne rabin ne mai gaskiya ba, don haka zan ba ki nasihar kowanne. Kada ki karɓi amincewar da aka ba ki a gaban jama'a, ki bi mutum inda ba kowa, ki ce, "In da za a cire abu ɗaya, wanne ne?" Kuma in kika ji ƙorafi ya zo miki daga sama, ya yi kauri, ki sani ba haka ya taso ba. Ki bi sawunsa a hankali har tabarmar da aka fara faɗarsa. Sau da yawa za ki tarar da ɗan abu ne wanda za a gyara kafin la'asar.

To kin ga inda na dosa, ke ba yarinya ba ce. Maganata ta kumbura a bakin Alhaji, taki ta lanƙwashe a nawa. Shi bai yi da mugunta ba, ni ma haka nake gaya wa kaina. Ranar da kika nuna mini takardar ɗaukarki aiki a Legas, kin ce, "Baba, ka amince?" Na ce Allah Ya sa alheri. Ban tuna ko akwai fanka a wurin ba. Daga nan na bi ta baranda na yi abin da na saba.

An kira sallah. Zan ajiye biro in je, daga masallaci in wuce wurinsa. A yanzu dabarar da nake da ita ita ce in roƙe shi ƙarin mako biyu, tun da na ga a sana'arku komai da mako bibbiyu ake yinsa.

Na dawo.

Na same shi yana cin gyaɗa a kan wani fayil. Ya ce, "Farfesa, shigo." Haka yake kirana tun muna aji, don ya taɓa kama ni ina karanta ƙamus ba dalili. Na zauna na fara da gaisuwa, na tambayi ƙafarsa, na tambayi gonarsa, na shiga bayanin yadda yaran yanzu suke buƙatar lokaci kafin su san abin da ya fi musu. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Isa, mai shawara ba ya tafiya da tukunyar girki. Hajiyar gidanka ta gaya mini har bokiti yarinyar ta ɗaure." Na ce wato ka sani. Ya ce, "Tun ranar da ka shigo kana kallon labule." Na ce to me ya sa ka riƙe gurbin? Ka ji ni, ni ma na yi masa "me ya sa". Ya ce, "Ba don ita na riƙe ba, don kai ne. Na ga ba ka shirya ba. Amma yaron nan da ke biye da ita kullum sai ya zo ya zauna a bencin waje ya gaishe ni, ni kuma ina ce masa ana dubawa. Na gaji da kunyarsa."

Na ce a ƙara mini mako biyu. Ya ce, "Ko yini biyu. Ka faɗi abin da aka aiko ka da shi, yadda aka ba ka, kada ka sa masa gishiri."

Ummi, na yi jawabi a gaban manya ban ji komai ba, amma wannan 'yar jimlar sai da na gyara murya. Na ce, "Ta ce ba ta so. Ta ce a yi maka godiya." Ya ce, "Na karɓa. Allah Ya ba ta sa'a." Ya ɗaga waya ya ce a shigo da mai jira. Da na miƙe ya ce, "Kai fa, Farfesa? Kana son tafiyar tata?" Na ce ni ba a aiko ni da wannan ba. Na fito muka yi kiciɓis da saurayin a ƙofa, yana gyara wuyan riga. Ya gaishe ni bai san ko ni wane ne ba.

Saboda haka gurbin ya tafi. Ba ki da abin komawa a Kaduna sai ɗakinki da mu. Na isar da aikenki, a makare, amma yadda kika ba ni shi.

Saura nawa, kuma ba zan ba kowa ya kawo miki ba. Ba na son nisan nan. Ba na son aikin da ba shi da fansho, wanda na kasa bayyana shi ga mai kanti. Ina tsoron ranar da wani mai hula irina zai yabe ki a ɗakin taro ya je ya kashe ki a kan tabarma. Wannan shi ne abin da ke raina, ba ta bakin mamanki ba, ba ta bakin Alhaji ba. Kada ki yi komai a kansa. Kada ki dawo saboda shi, kada ki rage ƙwazo. Ki dai san yana nan. Na amince ki yi aikinki, wannan karon ina kallon takarda nake faɗa.

In kin ji haushin abin da na yi, kina da gaskiya. Ki kira ni ki faɗa mini da kanki. Kada ki bi ta wurin mamanki, domin kafin ya iso gare ni zai zama kin ce ba ki da uba.

Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane. Ya ba ki kunnen da ke jin abin da ba a faɗa ba, da bakin da ke kai saƙo yadda aka ba shi. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ko da taron naku na tsaye ne. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya duk ranar da kika ga dama.

Wassalam.

Babanki.